ƊALIBI DA 'YAR KWAMFUTAR ALJIHU

Tun ran da aka fara zaunad da ɗalibai a gaban malami suna saurare suna rubutu, akwai wata wahala guda wadda har yau ba ta rabu da su ba, watau bakin malami ya fi hannun ɗalibi sauri. Mai ba da lacca ya kan furta kalmomi 120 har zuwa 180 a cikin minti guda, mai rubutu da alƙalami kuwa in ya kai 30 ya yi ƙoƙari. Saboda haka ko ɗalibi ya so ko ya ƙi, tilas ne ya bar mafi yawan abin da ya ji ya wuce, ya tsinci kaɗan ya sa a takarda.

A zamanin nan samari da 'yan mata da yawa sun aje littafin rubutu, sun koma ga 'yar na'urar nan wadda ke shiga aljihu, suna cewa ita za ta raba su da wannan wahala. Malamai kuwa sun kasu biyu. Waɗansu sun ce a ƙyale yara su bi zamaninsu, waɗansu sun ce kada su ƙara ganinta a ajinsu. Iyaye suna tsakiya, ana ce musu su fid da kuɗi masu yawa su saya, ba su san ko kayan karatu su ke saye ko kayan wasa ba. Maganar ba ƙarama ba ce, gama yaron da ya shekara yana tara darasi a cikin na'ura, ran jarrabawa a bakin ƙofa za a karɓe ta, ya shiga da abin da ke kansa kaɗai. Don haka muka ga ya kamata mu bi labarin nan tun daga tushe, mu shimfiɗa wa masu karatu abin da aka gwada aka gani, musamman malaman makaranta, da akawuna waɗanda kullum aikinsu ke nan, su saurari doguwar magana su mai da ita gajeren rubutu.

MAFARIN ABIN

Ba da wayar hannu aka fara ba. A shekarar 1984 wani kamfani na birnin Landan mai suna Psion ya fito da wata 'yar kwamfuta mai kama da injin lissafi na aljihu, kuɗinta kusan fam 100. Layi ɗaya tak gilashinta ke nunawa, layin kuma ba ya ɗaukar fiye da haruffa 16, saboda haka ba abar rubuta darasi ba ce. A 1991 suka yi wata mai buɗewa kamar gidan tabarau, da 'yan madannai a jere irin na tafireta, sa'an nan a 1997 suka ƙara kyautata ta har mai siraran yatsu ya iya bugu da hannu biyu.

A Amurka kamfanin Apple ya bi wata hanya dabam. A 1993 ya fito da wadda a ke kira Newton, kuɗinta dala 699, ba ta da madannai, sai wani ɗan tsinke na roba mai siffar alƙalami wanda ba ya shan tawada. Alkawarin da aka yi wa masu saye shi ne, mutum ya yi rubutunsa a kan gilashi yadda ya saba, na'ura ta karanta ta mai da shi bugaggen rubutu. Alkawarin bai cika ba. Mutum ya rubuta wannan ta fito masa da wancan, har masu zanen barkwanci a jaridun Amurka suka sami abin yi. An gyara daga baya, amma suna ya riga ya ɓaci, a 1998 aka daina yin ta.

Wanda ya gano bakin zaren shi ne wani injiniya Ba'amurke, Jeff Hawkins. Kafin a ƙera kome, sai da ya sassaƙa ɗan katako daidai aljihun rigarsa, ya yi ta yawo da shi, in wani abu ya taso ya ciro katakon ya yi kamar yana rubutawa, don ya gane wane aiki ne mutum zai bukata daga irin wannan na'ura, wane ne kuma ƙawa ce kawai. A 1996 Pilot ta kamfanin Palm ta fito, dala 299, nauyinta gram 160, ƙananan batura 2 su kan riƙe ta makwanni. A cikin watanni 18 aka sayad da fiye da miliyan 1.

Dabarar Hawkins game da rubutu ita ce, maimakon a wahal da na'ura ta koyi hannun kowane mutum, a koya wa mutum hannu guda wanda na'ura ta sani. Aka tsara waɗansu haruffa aka sa musu suna Graffiti, kusan kowanne ana yin sa da ja ɗaya ba tare da an ɗaga tsinke ba. Harafin A kamar jinkar ɗaki ya ke, babu sandar tsakiya. Harafin T ya yi kama da lamba 7. Duka a ɗan fili guda a ke rubuta su a gindin gilashi, wani bisa wani, bugaggen rubutun yana fitowa a sama. Koyonsa ba wuya. Wani gwaji da aka yi a Kanada a 1997 ya nuna wanda ya duba takardar haruffan na minti 1 ya kan rubuta kashi 86 cikin 100 daidai, bayan minti 5 na gwadawa ya kai 97.

Tsofaffin akawuna za su ce ai wannan ɗan'uwan gajeren rubutun nan ne na Isaac Pitman, wanda ya fito a Ingila a 1837. Sun yi kama a ido, amma akwai bambanci babba. Wanda ya sha wahalar watanni ya iya na Pitman ya kan bi mai magana da kalmomi 100 a minti, ko fiye. Gwanin Graffiti kuwa kalmomi kamar 20 ya ke yi, watau bai ma kai mai alƙalami ba.

DA TA SHIGA AJI

Duk da wannan jinkiri, makarantun Amurka sun rungume ta. A 2001 Jami'ar Dakota ta Kudu ta sa 'yan shekarar farko su riƙe Palm, makarantun koyon likita da yawa kuma suka ga amfaninta, gama ɗalibi ya kan zuba littafin magunguna sukutum a aljihunsa ya shiga ɗakin majiyyata da shi. Wajen rubuta darasi kuwa sai da ɗalibai suka yi ta dabara. Kowane shafi na ɗan littafin tuni da ke cikinta ba ya wuce haruffa 4,096, watau kalmomin Turanci kamar 700, in ya cika sai a buɗe sabo. Zanen taswira ko lissafi mai hawa-hawa ba ya yiwuwa sosai a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne batir. Irin na farko, in batir ya mutu, ko mutum ya yi nawa wajen sauya shi, duk abin da ke ciki sai ya shafe, sai fa in an riga an ɗora ta bisa 'yar kujerarta an kwafe shi cikin babbar kwamfuta. Akwai kuma wata hikima da ta burge ɗalibai: mutum biyu su haɗa kawunan na'urorinsu, wannan ya tura wa wancan darasi ta wani haske wanda ido ba ya gani. Daga nan malalaci ya sami hanya, kuma har yau jikokinsa suna nan suna jiran a turo musu ta WhatsApp.

A ƙarshen 1999 aka fito da madannai masu naɗewa gida 4, in an buɗe su kai girman na sosai, in an naɗe su shiga aljihu. Ɗalibi ya shimfiɗa su bisa tebur, ya kafa 'yar kwamfutarsa a kai, ya yi ta bugu. A nan ne sauri ya fara samuwa, a nan ne kuma wata sabuwar matsala ta kunno kai, wadda za mu zo kanta.

Waɗannan na'urori ba su yi tsawon rai ba. Psion ya bar yi wa jama'a irinsu a 2001. Da iPhone ta fito a 2007, da wayoyin Android a bayanta, sai waya ta haɗiye aikinsu duka. Kamfanin HP ya sayi Palm a 2010 a kan dala biliyan 1.2, shekara guda bayan haka ya rufe sana'ar. Tsinken rubutu ya ɓace na ɗan lokaci, sa'an nan ya komo tare da Galaxy Note a 2011 da Apple Pencil a 2015. Saboda haka abin da ke hannun ɗalibi yau, a Boston ya ke ko a Zariya ko a Damagaram, jikar Palm ce, sai dai ta fi kakarta ƙarfi nesa ba kusa ba, tana ɗaukar hoto, tana ɗaukar murya, kuma duniya duka tana iya kiran mai ita a tsakiyar darasi.

SAURI DA ABIN DA YA JAWO

A 2019 masana na Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, tare da na Kambirij da na Zurik, suka auna bugun mutum 37,000 a kan waya. Suka tarar matsakaicin mutum yana yin kalmomi 36 a minti, mai bugu da manyan yatsu biyu 38, yara 'yan ƙasa da shekara 20 kuma sun ɗara iyayensu da kalmomi wajen 10. Ashe yaron yau da wayarsa ya wuce mai alƙalami. In da yawan kalmomi ne ilmi, da magana ta ƙare.

To, amma me ya sa a ke rubuta darasi tun asali? Masana biyu, Di Vesta da Gray, sun rarrabe amfaninsa gida biyu a 1972. Na ɗaya ajiya, watau a sami abin komawa a duba. Na biyu shi ne aikin da zuciya ke yi a lokacin rubutun kansa, gama wanda ba zai iya rubuta kome da kome ba, tilas ya saurara, ya auna, ya ce wannan ne ginshiƙin magana, wancan misali ne kawai, sa'an nan ya faɗe shi da kalmominsa. Duk akawun da ya taɓa rubuta rahoton taron majalisa, tun daga zamanin En'e har zuwa na ƙananan hukumomi, ya san wannan. Ana iya shafe awa 3 ana muhawara, rahoton ya tsaya a shafi 2, kuma gwanin akawu shi ne wanda ya san abin da zai bari. Wanda ya kwashe kowace kalma ya kawo, shugaba zai mayar masa ya ce ya je ya yi aikinsa.

A 2014 Pam Mueller da Daniel Oppenheimer suka buga sakamakon wani gwaji wanda ya zaga duniya. Sun tara ɗaliban Jami'ar Princeton, aka nuna musu gajerun laccoci, waɗansu suna rubutu da hannu, waɗansu da kwamfutar cinya wadda aka yanke ta daga intanet don kada hankali ya rabu. Masu bugu suka rubuta kalmomi kamar 310, masu alƙalami kamar 173. Da aka gwama rubutun da maganar mai lacca, sai aka ga kashi 14.6 cikin 100 na rubutun masu bugu kwafe ne kalma da kalma, na masu alƙalami kuwa 8.8. Wajen tambayoyin tuna suna da lamba, ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, amma wajen tambayoyin da ke bukatar fahimta masu alƙalami suka yi gaba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne zagaye na biyu. An gargaɗi masu bugu tun da fari kada su kwafe maganar malami, su rubuta da kalmominsu, amma gargaɗin bai hana ba. Hannun da ya iya sauri ba ya son tsayawa ya jira tunani.

Kada dai mu ɗora wa wannan gwaji kayan da ya fi ƙarfinsa. Waɗansu masana a Jami'ar Kent ta Ohayo sun maimaita shi a 2019, waɗansu kuma a Jami'ar Tufts a 2021, ba su sami wani bambancin maki na a zo a gani ba tsakanin masu bugu da masu alƙalami. Abin da ya tabbata a wurin kowa shi ne, mai bugu ya fi yawan kalmomi, ya kuma fi kwafe. Ko kwafen nan yana rage maki a kowane hali, wannan har yanzu masana suna ja a kai. Haka kuma gwajin da aka yi a Trondheim ta ƙasar Norwe, aka buga a 2024, inda aka sa wa ɗalibai wata hula mai ma'aunai 256 aka ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗa kai lokacin rubutu da hannu. Da yatsa ɗaya aka sa su bugu, ba a kuma jarraba su a kan wani darasi ba, saboda haka ba hujja ce ta cin jarrabawa ba. Amma akwai wani abu a cikinsa wanda masu ba da labarin su kan tsallake: rubutun hannun nan da aka yaba, a kan gilashi aka yi shi da tsinken kwamfuta, ba a taɓa takarda ba ko kaɗan.

Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne wajen rabuwar hankali. A makarantar hafsoshin soja ta West Point, a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015, an raba azuzuwa 50 na darasin tattalin arziki kashi 3, ɗalibai 726. Kashi na ɗaya aka hana su kowace na'ura, na biyu aka sakar musu, na uku aka yarje musu kwamfuta mai siffar allo kaɗai, da sharaɗin ta kwanta bisa tebur inda malami zai ga abin da a ke yi. A jarrabawar ƙarshe, waɗanda aka yarje wa na'ura, har da masu kwantar da ita, sun kasa waɗanda aka hana da maki kusan 2 cikin 100. Kaɗan ne, amma a lura da inda aka yi gwajin: 'yan soja ne masu horo, aji bai kai mutum 20 ba, malami kuma yana gaba da su a muƙami. Mai karatu ya ƙiyasta yadda abin zai zama a zauren lacca mai ɗaruruwan mutane. Wani gwaji na Kanada a 2013 ya ƙara da cewa cutar ba ta tsayawa kan mai ita. Waɗanda aka sa su leƙa waɗansu abubuwa a kwamfuta lokacin lacca sun rasa kashi 11 cikin 100 na maki, waɗanda ke zaune a bayansu suna hangen gilashin kuwa suka rasa 17.

Sai kuma al'adar da ta fi kowace yaɗuwa a makarantunmu yanzu, watau ɗaukar hoton allo. Malami ya gama cika allo da alli, kafin ya juyo hannuwa 40 sun tashi, ƙyas, ƙyas, an gama. Wata masaniya, Linda Henkel, ta zaga da ɗalibai gidan kayan tarihi na Jami'ar Fairfield, ta sa su ɗauki hoton waɗansu kaya, waɗansu kuma su dube su kawai. Kashegari aka tarar sun fi mance waɗanda suka ɗauka a hoto. Amma da aka sa su matso da hoton kan wani ɓangare guda na abin, mantuwar ba ta same su ba, gama sai da suka duba suka zaɓa. An buga wannan a 2014. Yanzu kuma an kai inda waya ke ɗaukar muryar malami ta mai da ita rubutu, wata manhajar ta taƙaita, ɗalibi bai ɗaga yatsa ba. Ajiya ta cika maƙil, amma aikin nan na biyu, na saurare da aunawa da zaɓe, na'ura ce ta yi shi, ita kuwa ba za ta zauna jarrabawa ba.

A ganinmu, tsohuwar Palm da jinkirinta ta yi wa ɗalibanta wani alheri wanda maƙeranta ba su nufa ba. Mai kalmomi 20 a minti ba shi da halin kwafe, dole ya taƙaita.

ABIN DA A KE YI BAYAN AN RUBUTA

Mu nan ba baƙin allon hannu ba ne. Almajiri ya rubuta karatunsa da tawada, malam ya biya masa, ya yi ta maimaitawa, ba kuwa zai wanke allon ba sai ya kawo karatun da ka, malam ya yarda ya zauna. Hadda dabam ce da fahimtar lacca, ba mu ce ɗaya ba ne. Amma ƙa'idar nan ta a kife rubutu a gwada kai kafin a wuce gaba, masana na zamani sun auna ta sun ga ƙarfinta. A 2006 Roediger da Karpicke na Jami'ar Washington ta birnin St. Louis suka ba ɗalibai wani ɗan rubutu su karanta. Kashi guda suka sake karantawa, kashi guda aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu sake karatu ne a gaba, 81 da 75. Bayan mako guda abin ya juye, masu gwada kai suka tuna kashi 56 cikin 100, masu sake karatu 42. Tun a 1885 ma Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a cikin yinin farko ta ke aukuwa.

Allo yana tilasta wa mai shi ya koma kansa, don ba shi da wani sai shi. Littafin rubutu ma ya kan cika, a gan shi a kan tabarma, ya tuna wa mai shi. Na'ura ba ta cika, ba ta kuma tsone ido. Hoton allon ran Litinin yana can ƙarƙashin hotunan biki 200, ba mai neman sa sai daren jarrabawa, ba a kuwa fafe gora ran tafiya.

Ga malamin da ke son abin yi, akwai tsarin da Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya koyar, ya kuma sa a littafinsa na 1962. A ja layi a raba shafi, fili mai faɗi a dama, siriri a hagu, a bar ɗan wuri a ƙasa. Lokacin darasi a rubuta a dama. Da maraice a koma a sa tambayoyi ko kalmomin tuni a hagu, a taƙaita shafin duka a ƙasa cikin layi 2 ko 3. Sa'an nan a rufe dama, a dubi hagu, a amsa da ka. Ana iya ja wannan layi a takarda, ana iya ja a gilashi. Malamin da ya ce kowane ɗalibi ya kawo masa taƙaitawar nan ta layi 3 washegari, da kalmomin ɗalibin, ya san wanda ya saurara, ko da me aka rubuta. In kuma ya yarda a shigo da waya, to, a kashe hanyar kira da ta intanet tun daga bakin ƙofa, hoton allo kuma a bari sai an tashi, bayan kowa ya rubuta nasa.

Ba za mu goyi bayan a hana ta ƙaf ba tare da duba ba, gama akwai waɗanda ita ce idonsu. Tun 1987 aka yi wa makafi 'yar na'urar aljihu mai suna Braille 'n Speak, mai madannan rubutun makafi, tana karanta wa mai ita abin da ya rubuta da murya. Ɗalibin da hannunsa ke rawa, da mai raunin ji, da wanda haruffa ke rikice masa, duk sun sami sauƙi da ba su taɓa samu ba. Ƙasashen da suka kafa doka sun san da haka. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018, Holan ta fid da ita daga azuzuwan sakandare tun daga 1 ga Janairu 2024, amma dukansu sun keɓe masu lalura. Ko ga mai lafiya ma, akwai abin da takarda ba za ta yi masa ba. Ya buga kalma ɗaya, na'ura ta fito masa da duk inda ya rubuta ta a cikin shekara 4. Littattafan da ba zai iya saye ba suna ciki. Gara ba ta cin su, ruwan damina ba ya jiƙa su, muddin ya aje kwafe a wani wuri.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa da suka shafe mu musamman. Palm ba ta zo da haruffanmu masu lanƙwasa ba, watau ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka wanda ya rubuta Hausa da ita sai ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Yanzu madannan Gboard suna da Hausa, amma sai mutum ya shiga ya zaɓe ta, in ba haka ba wayar ta ɗauka Turanci ya ke nufi ta yi ta yi masa gyaran gangar auzinawa. Malaman Hausa su lura da wannan a rubutun ɗalibansu. Ga kuma maganar wuta. Wayar da ta mutu a lacca ta biyu ba ta da amfani a ta uku, mai cajin kasuwa kuma ba kyauta ya ke yi ba. Sa'an nan ko da ya ke hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta tun 2015, galibin jarrabawar jami'a mai dogon bayani da biro a ke rubuta ta, awa 2 ko 3 a zaune, hannun da ya shekara bai riƙe biro ba kuwa ya kan gaji tun a tambaya ta biyu.

Abu na ƙarshe shi ne daɗewa. Malamai da yawa suna da littattafan da suka rubuta a kwalejin horon malamai shekaru 30 ko 40 da suka wuce, takarda ta yi ja amma tana karantuwa, waɗansu ma da su su ke shirya darasi. Ɗalibin da ya rubuta nasa a Palm a 2001, in bai kwashe shi ya mai da shi rubutu na gama-gari ba tun kamfanin yana raye, yau sai ya nemo tsohuwar na'urar, da 'yar kujerarta, da igiyarta, da kwamfutar da ke da ramin da igiyar za ta shiga, kafin ya ga ko akwai abin da ya rage a ciki.